Zangon motocin kwana a hamadar Mohabi, inda ake auna ruwa da lita

A zangon Jumbo Rocks da ke tsakiyar Gandun Dajin Joshua Tree, a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai gurabe 124 da aka keɓe wa masu zuwa kwana. Kowane gurbi yana da teburi da murhun ƙarfe da ɗan filin ajiye mota, a tsakanin wasu manyan duwatsu masu kama da an jibge su da gangan. Babu famfo ko ɗaya a wurin, babu wayar lantarki, wayar salula ma galibi ba ta samun sabis. Duk da haka, daga watan Oktoba zuwa Mayu, wanda bai kama gurbi ta intanet tun da wuri ba da wuya ya samu a ƙarshen mako, domin wata shida kafin ranar ake buɗe rajista, kuma ba a daɗewa guraben ke ƙarewa.

Da yawa daga cikin masu zuwan suna zuwa ne da motar da Amurkawa ke kira RV, wato mota mai ɗauke da gado da kicin da bayi da firji, wadda za mu kira motar kwana. Wata tuƙa ta ake yi kamar bas, wata kuma tirela ce da ake ja da a-kori-kura. Sana'a ce babba a ƙasar: a shekarar 2021 kaɗai, lokacin da annobar korona ta sa mutane ƙyamar otal da jirgin sama, masana'antu sun fitar da irin waɗannan motoci kusan 600,000, akasarinsu daga yankin Elkhart na jihar Indiyana. Masu tallar su na nuna su a matsayin 'yanci tsantsa: mutum ya ɗauki gidansa ya nufi inda ya ga dama, ba ya jiran kowa. Wanda ya yi kwana uku a hamada zai gane cewa 'yancin nan yana rataye ne a kan tankin ruwa, da kuma wasu ma'aikatan tarayya da ba kasafai ake ganin su ba.

Hamada mai sanyi

In an ce hamada, zafi ke fara zuwa wa mutum a rai. Amma hamadar Mohabi a kan tudu take. Gandun Joshua Tree, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 3,200, wato bai kai rabin Babban Birnin Tarayya ba, ya haɗa hamada biyu ne: ta Kolorado a ɓangaren gabas mai gangare, da ta Mohabi a yamma, wadda ta haura mita 900 daga doron teku. Zangon Jumbo Rocks yana kan tsayin mita 1,340 ko kusa da haka, ya ɗan ɗara Jos. Ruwan saman da ake samu a shekara a yawancin yankin bai kai milimita 250 ba, kuma da yake iskar a bushe take, ba ta riƙe ɗumin rana. Da zarar rana ta faɗi sai sanyi ya sauko, har bambancin rana da dare kan kai digiri 20. A tsakiyar shekara zafi kan wuce digiri 38. A Disamba da Janairu ruwa kan daskare da dare, wani lokaci har dusar ƙanƙara ta rufe duwatsun.

Wannan sanyi shi ke fara koya wa baƙo darasi. Bututun ruwan motar kwana siririn roba ne, wasu sassansa a ƙarƙashin mota suke, in ruwan ciki ya daskare sai bututun ya tsage. Na'urar ɗumama ɗaki gas take ƙonawa, amma fankarta da batir take aiki, kuma a dare mai tsananin sanyi tana iya shanye batirin kafin asuba. Tsayin wurin ma yana da nasa haraji. Injin mota ko janareta yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, saboda iska tana raguwa, ruwa kuma yana tafasa ne a wajen digiri 95 ko 96, don haka shinkafa da wake sai an ƙara musu lokaci. Sai iska mai ƙarfi, wadda kan taso ba sallama ta yage rumfar da ake buɗewa a gefen mota. Tsofaffin hannu ba sa barin rumfar a buɗe in za su bar wurin, ko da na awa ɗaya ne.

Akwai kuma haɗarin da ba a tsammani a inda ba a ruwa: ambaliya. Ƙasar ba ta shan ruwa da sauri, saboda haka ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya gangarowa ta busasshen rafi ya iske mutumin da ko hadari bai gani ba. Shi ya sa ba a ajiye mota a cikin kwari, komai kyan yashinsa. A watan Agustan 2023, da guguwar Hilary ta tunkaro, rufe gandun aka yi gaba ɗaya.

Tankuna uku

Rayuwar cikin motar kwana tana tafiya ne bisa tankuna uku. Na farko na ruwa mai tsabta ne. Na biyu, wanda suke kira mai launin toka, shi ke tara ruwan wanka da na wanke-wanke. Na uku, baƙin tanki, na bayi ne. Matsakaiciyar motar haya tana ɗaukar ruwa mai tsabta kimanin lita 150, wato jarka shida irin mai lita 25 da masu ruwa ke turawa a kura a Nyanya ko Kubwa. Ba'amurke ɗaya a gidansa yana kashe fiye da lita 300 a rana. Ke nan abin da mutum ɗaya ke ɓatarwa kafin azahar a birni shi iyali guda za su lallaɓa na kwana uku ko huɗu.

Hukumar kula da gandayen daji ta ƙasar tana ba da shawarar kowane mutum ya tanadi aƙalla galan ɗaya, kusan lita 4, na sha kawai a rana, ya ninka in zai yi tafiyar ƙasa ko hawan dutse. Abin da ya rage shi ake raba wa girki da wanka da bayi. Wanka kuwa irin na sojan ruwa ake yi: a jiƙa jiki, a kashe famfo, a shafa sabulu, a kunna a ɗauraye. Ɗan Najeriya da ya saba da bokiti da moɗa ba zai ga wani abin al'ajabi a nan ba, amma ga Amurkawa fasaha ce da ake rubuta maƙaloli a kanta.

Cikin zangunan gandun guda takwas da iyalai ke sauka, biyu ne kawai ke da ruwan famfo, Black Rock da Cottonwood, kuma a nan ne kawai ake da ramin da aka tanada don juye tankunan ƙazanta. Babu zango ko ɗaya a cikin gandun da ake jona wa mota lantarki. Wanda ke da janareta an yanka masa lokaci: ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, 12 zuwa 2 na rana, sai 5 zuwa 7 na yamma, awa shida ke nan, kuma daga ƙarfe 10 na dare ba a son jin hayaniyar kowa. Wannan ne ya sa farantin sola ya mamaye rufin motocin. Itacen girki ma daga gari ake sayo shi, domin tsintar ko da busasshen reshe a gandun laifi ne. A wasu zangunan, kamar Hidden Valley da White Tank, motar da ta wuce ƙafa 25 ba ta da wuri.

Ba ɗan Adam kaɗai ke lissafin ruwan ba. A watan Yulin 2020 sai da hukumar gandun ta rufe zangunan Jumbo Rocks da Cottonwood na ɗan lokaci saboda ƙudan zuma. Ƙishirwa ce ta koro su, suka riƙa yanyame duk inda suka ji danshi: ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya mota, da bayi, har da gumin jikin mutane.

Wa ke kwana a ina

Masauki iri uku ne a yankin, kuma a nan ake gane mai hali da mara shi. A garuruwan da ke bakin gandun, irin su Twentynine Palms da Yucca Valley, akwai zanguna na 'yan kasuwa inda ake jona wa mota ruwa da lantarki da bututun ƙazanta, wasu har da wurin wanki da intanet. Sun fi tsada nesa ba kusa ba. Sai zangunan gwamnati na cikin gandu, masu sauƙin kuɗi da ƙarancin kayan more rayuwa, inda doka ta ce kada mutum ya wuce kwana 30 a shekara, kuma 14 kacal daga ciki zai iya yi tsakanin Oktoba da Mayu.

Na uku shi ne fili fetal. Hukumar Kula da Filaye ta tarayya, BLM, wadda aka kafa a 1946, tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, galibi a jihohin yamma, kuma a yawancin wannan ƙasa kowa na iya ajiye motarsa ya kwana kyauta. Sharaɗin shi ne kwana 14 cikin kowane 28, daga nan ya tashi ya yi nisa, yawanci mil 25. Akwai irin wannan fili daf da ƙofar kudu ta Joshua Tree, inda waɗanda suka rasa gurbi ke yada zango. Ba bayi, ba kwandon shara, abin da mutum ya shigo da shi da shi zai fita.

Dokar kwana 14 ɗin nan an yi ta ne don kada wani ya mayar da filin jama'a gidansa. Sai dai akwai dubban mutanen da motar ita ce gidan nasu. Wasu 'yan fansho ne masu rufin asiri da suka sayar da gida don son yawo. Wasu kuma kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu. Su ne 'yar jarida Jessica Bruder ta bi ta rubuta littafin Nomadland a 2017, wanda Chloé Zhao ta mayar fim, ya ci kyautar Oscar a 2021. Labarin fim ɗin ya faro ne daga garin Empire da ke hamadar Nebada, garin da ya mutu bayan an rufe masana'antar da ta haife shi a farkon 2011. Irin waɗannan mutane da yanayi suke tafiya, kusan yadda makiyaya ke yi. Da hunturu su gangara ƙasa mai ɗumi, musamman Quartzsite a jihar Arizona, garin da mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba amma a Janairu motoci ke rufe dajinsa, inda BLM ta keɓe wurare na musamman da ake sayen izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. In zafi ya matso su sake hawa tudu.

Daga cikinsu ne ake samun masu kula da zango. A gandayen ƙasa yawanci 'yan sa-kai ne, ana ba su gurbi kyauta su kuma su lura da masu shiga da fita, su tunatar da mai janareta cewa lokacinsa ya cika. A wasu dazuzzukan tarayya kuwa kamfanonin da aka ba kwangila ne ke ɗaukar su a kan ƙaramin albashi, aikin ya haɗa da wanke masai da kwashe toka. Da yawansu sun haura shekara 60.

Kwana 35

Yadda zangon hamada ya dogara da ma'aikaci ya fito fili ne a ƙarshen 2018. Shugaba Donald Trump ya nemi dala biliyan 5.7 don gina katanga a iyakar Meksiko, Majalisar Dokoki ba ta amince ba, kasafin wasu ma'aikatu ya ƙare a ranar 22 ga Disamba. A tsarin Amurka, in majalisa ba ta ware kuɗi ba, ma'aikata ba ta da hurumin kashe ko sisi. Ma'aikatan tarayya kusan 800,000 abin ya shafa: wasu aka ce su zauna a gida, wasu aka ce su ci gaba da aiki ba albashi. A nan gida ma'aikata ne ke shiga yajin aiki su bar gwamnati. A can gwamnatin ce ke sallamar su zuwa gida. An ɗauki kwana 35 a haka, har zuwa 25 ga Janairun 2019.

A irin wannan dambarwa ta 2013, wadda ta yi kwana 16, gwamnatin Barack Obama rufe gandayen ta yi ruf, ta sha suka daga garuruwan da ke cin abinci da baƙi. A 2018 sai aka zaɓi akasin haka: a bar ƙofa a buɗe, ma'aikata kuma su tafi gida. A Joshua Tree abin ya faɗo daidai hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da gandun ya fi cika. Ba mai karɓar kuɗin shiga, ba mai duba rajista, jami'an tsaro 'yan ƙalilan ne suka rage a kan fili mai girman nan.

Abin da ya fara gazawa shi ne masai. Yawancin bayin zangunan rami ne na kankare da aka rufe, wanda sai mota ta zo ta zuƙe. Mutanen garuruwan kusa, da masu hawan dutse da 'yan ƙungiyar Friends of Joshua Tree, sun yi ta zuwa kullum da takardar bayi da ledar shara da sinadarin wanki da suka saya da kuɗin gudummawa. Sun share, sun kwashe shara a motocinsu, amma zuƙe rami ya fi ƙarfin ɗan sa-kai. A ranar 2 ga Janairu, kwana 12 da fara rikicin, aka rufe zangunan saboda ramukan sun kusa cika.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Shugaban gandun na lokacin, David Smith, ya bayyana cewa an yanke sarƙoƙi da kwaɗunan ƙofofi, an kutsa da motoci inda babu hanya, an yada zango a wuraren da aka hana, an kuma lalata wasu bishiyoyi. Labarin bishiyoyin ne ya zagaya duniya, ko da yake daga baya ya bayyana cewa waɗanda aka lalata ba su da yawa. Sawun tayoyin ne ya fi muni, kuma dalilin yana cikin ƙasar kanta. Fuskar hamada tana da wani ɓawo mai rai, na ƙananan halittu da ke riƙe yashi da danshi, wanda in taya ta murƙushe shi yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo. Tsakanin 1942 da 1944 sojojin Amurka sun yi atisayen tankokin yaƙi a wannan yanki, a sansanin da Janar George Patton ya kafa, kuma har yau ana ganin sawunsu a wasu wurare. Da tsohon shugaban gandun, Curt Sauer, ya ce gyaran abin da aka yi a waɗannan makonni zai iya ɗaukar shekara 200 zuwa 300, wasu sun ga kamar ya zuzuta, amma wanda ya ga sawun tankokin Patton ba zai yi saurin ƙaryata shi ba.

Ita kanta bishiyar da gandun ya ci sunanta ba mai gaggawa ba ce. Ana cewa matafiya mabiya ɗarikar Mormon ne suka raɗa mata sunan Annabi Yusha'u a ƙarni na 19, saboda rassanta sun yi musu kama da hannuwan da aka ɗaga sama. 'Yan santimitoci take ƙaruwa a shekara, tana iya kai shekara 150, ba ta fure sosai sai ta sha sanyin hunturu, kuma wani ƙaramin ƙwaro guda ne ke yi mata barbara. Ko igiyar shanya an hana ɗaura mata. Gobarar da ta tashi a Cima Dome, cikin gandun Mohabi da ke arewa, a Agustan 2020 ta ƙone fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu. Haka kunkurun hamada, wanda dokar tarayya ke karewa tun 1990: ruwansa a mafitsara yake ajiye shi, in aka ɗaga shi ya tsorata sai ya zubar, abin da kan iya zama ajalinsa kafin damina. Yakan kuma shige ƙarƙashin mota neman inuwa, shi ya sa ake roƙon direbobi su leƙa kafin su tayar.

Kuɗin ƙofa

Da abin ya yi ƙamari, hukumar ta sanar cewa za ta rufe gandun baki ɗaya daga 10 ga Janairu. Ba a kai ga haka ba, domin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba da umarnin a ɗebi kuɗin shiga da gandaye suka tara a baya a biya masu shara da masu zuƙe masai. A ƙarƙashin dokar 2004, gandu yana riƙe aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ya karɓa a ƙofa, don gyare-gyare da ayyukan da baƙi ke amfana da su. Aka dawo da wasu ma'aikata, aka buɗe zangunan, masu motocin kwana suka koma gurabensu.

Ga duk wanda ya taɓa zama a ofishin kuɗi ko ya rubuta wa minista takarda, nan ne labarin ya fi daɗi. Matakin ya yi amfani a ƙasa, babu mai musu. Amma a watan Satumban 2019 ofishin binciken kuɗi na majalisa, GAO, ya yanke cewa ma'aikatar ta karya doka, domin ta yi amfani da kuɗin da aka tanada don wani abu wajen gudanar da ayyukan yau da kullum da majalisa ba ta ware wa kuɗi ba. Ma'aikatar ta ƙi yarda da wannan fassara. A ganina ofishin yana da gaskiya a kan ƙa'ida, amma kuskuren ya riga ya faru tun ranar da aka yanke shawarar barin ƙofa a buɗe ba tare da masu kula ba. Wanda ya sa hannu a wannan takarda a Washinton bai yi lissafin yawan kwanakin da ramin masai ke ɗauka kafin ya cika a makon Kirsimeti ba, alhali ma'aikacin da ke tuƙa motar zuƙar zai iya faɗa masa a minti ɗaya.

Ma'aikatan tarayya sun samu albashinsu na baya, bisa wata doka da aka sa wa hannu a tsakiyar Janairun 2019, wadda ta tabbatar da haka har ga duk wata rufewa ta gaba. Ma'aikatan kamfanonin kwangila ba su shiga cikin dokar ba. Gandun ya yi asarar kuɗin shiga fiye da dala miliyan ɗaya a waɗannan makonni biyar, ban da abin da ya ɗiba daga asusun gyara. Masu ziyara kuwa ƙaruwa suka yi: a 2021 adadinsu ya haura miliyan 3 a karon farko, guraben kwana kuma suna nan wajen 500 kamar yadda suke. A ranar 1 ga Oktoban 2025 kasafi ya sake ƙarewa, aka yi kwana 43, wanda ya zarce na 2019, kuma a wannan karon ma an bar ƙofofin gandayen a buɗe da ragaggun ma'aikata.